Masu Ɗana Tarko Domin Tsuntsaye: Me Karramawa Take Nufi ga 'Yan Sa-kai na Niyu Zilan?

A bayan gidaje da gefen dazuzzukan ƙasar Niyu Zilan akwai wasu akwatunan katako da baƙo zai iya wucewa bai ko kula da su ba. Tsawon kowanne kusan rabin mita ne, an toshe bakinsa da ragar waya, an bar wata 'yar kafa wadda ɓera zai iya kutsawa ta cikinta amma tsuntsu ba zai iya ba. A ciki akwai tarkon ƙarfe, a bayan tarkon kuma an ajiye ƙwan kaza guda ɗaya ko ɗan yankin naman zomo. Duk bayan mako biyu ko wata guda wani mutum zai biyo sawun akwatunan da ƙafa, ya sa safar hannu, ya kwance murfin, ya cire abin da tarkon ya kama idan ya kama, ya zubar da ƙwan da ya ruɓe ya sa sabo, ya sake ɗana tarkon, sannan ya shigar da sakamakon a wayarsa ya wuce zuwa akwati na gaba. Sau da yawa akwatin fanko ne. Mutumin nan ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma babu wanda yake biyansa ko kwabo. Yana iya zama malamin makaranta da ya yi ritaya, ko manomi, ko uwa da ta fito da 'ya'yanta ranar hutu.

Irin waɗannan mutane ne ake tarawa lokaci zuwa lokaci a zauren ƙaramar hukuma ko a taron shekara na wata ƙungiya, a kira sunan ƙungiyarsu, a miƙa musu takardar yabo ko ɗan kofi, a ɗauki hoto. Wanda ya ga hoton zai ɗauka magana ta ƙare ke nan: an yi aikin alheri, an gode. Amma karrama 'yan sa-kai masu kare tsuntsaye batu ne mai sarƙaƙiya fiye da yadda yake bayyana, domin ya ƙunshi tambayar abin da ake aunawa kafin a ce wane ya yi ƙoƙari, da tambayar wanda ake ambata da wanda ake mantawa, da kuma tambayar ko yabo yana iya tsayawa a madadin kuɗi da kayan aiki.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa kare tsuntsu ya zama aikin ɗana tarko, sai an koma ga tarihin ƙasar. Tsibiran Niyu Zilan sun rabu da sauran ƙasa kimanin shekara miliyan 80 da suka wuce, kuma lokacin da ɗan Adam ya isa can babu wata dabbar tudu mai shayarwa sai jemagu. Tsuntsaye suka rayu ba tare da sanin kyanwa ko ɓera ba. Abokan gabansu shaho da gaggafa ne, waɗanda suke farauta da ido daga sama, don haka dabarar da tsuntsayen suka gada ita ce su ƙame wuri ɗaya kada a gan su. Da yawa daga cikinsu suka daina tashi gaba ɗaya, suka koma yin sheƙa a ƙasa ko a cikin kogon itace, suna yin ƙwai kaɗan, suna daɗewa kafin su balaga. Wannan dabara ta ƙamewa, wadda ta yi musu amfani tsawon zamani, ita ce ta zama ajalinsu da dabbobin da suke farauta da hanci suka shigo, domin tsuntsun da ya tsaya cik a gaban mai bin wari ya sauƙaƙa masa aiki ne kawai.

Mutanen Maori, waɗanda suka fara zama a ƙasar, sun iso wajajen shekara ta 1300 da wani ƙaramin ɓera da suke kira kiore da kuma karnuka, kuma ba a cika ƙarni biyu ba manyan tsuntsayen moa suka ƙare. Turawa suka zo da ɓerayen jirgin ruwa da kyanwoyi. A 1837 aka fara shigo da wata dabba mai suna fosam daga Ostareliya saboda cinikin gashinta, ta bazu a dazuzzuka tana cin ganye da ƙwai. Sai kuma kuskure mafi muni: zomayen da aka kawo sun yi yawa har suna cinye ciyawar tumaki, don haka a shekarun 1880 aka shigo da sitot, wata ƙaramar dabba mai siririn jiki da zafin nama irin na tunku, domin ta rage su. Masana tsuntsaye na lokacin sun yi gargaɗi, ba a saurare su ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wani mutum mai suna Richard Henry ya shafe shekaru daga 1894 yana kwashe ɗaruruwan tsuntsayen kakapo da kiwi a kwalekwale zuwa tsibirin Resolution don ya tsirar da su, amma a 1900 aka ga sitot a tsibirin, ta yi iyo ta haye, aikinsa ya rushe. A yau hukumar kula da muhallin halittu ta ƙasar tana ƙiyasta cewa waɗannan dabbobi suna hallaka tsuntsaye 'yan asali kimanin miliyan 25 a kowace shekara, idan an haɗa da ƙwai da 'ya'ya.

Kiwi, tsuntsun da ƙasar take tinƙaho da shi har mutanenta suna kiran kansu da sunansa, ya isa misali. Macen tana yin ƙwai mai nauyin kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinta, kuma a nau'in da ya fi yawa namijin ne yake kwanci a kansa fiye da wata biyu. Ɗan yana ƙyanƙyashewa da gashinsa, iyayen ba sa ciyar da shi, kuma cikin 'yan kwanaki yake fita kiwo shi kaɗai da dare. A dajin da ba a ɗana tarko, kusan kashi 95 cikin 100 na 'ya'yan ba sa kai wa ga balaga, kuma sitot ce babbar mai cinye su. Sai nauyin ɗan ya kai kimanin kilo ɗaya yake iya kare kansa da ƙafafunsa. Kiwin da ya girma kuma kare ne matsalarsa, domin ƙirjin kiwi ba shi da ƙashi mai ƙarfi, cizo ɗaya ya isa. A 1987 an ƙiyasta cewa kare guda ɗaya da ya ɓace a dajin Waitangi ya kashe kiwi kusan 500 daga cikin 900 da suke wurin, a cikin 'yan makonni. Abin da ya rage a ƙasar baki ɗaya bai wuce kimanin 70,000 ba, kuma inda babu kulawa adadin yana raguwa da kusan kashi 2 cikin 100 duk shekara.

Hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi, wadda aka kafa a 1987, tana kula da kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar, kuma ba ta da ma'aikatan da za su taka kowane kwari da kowane tudu. Ban da haka, tsuntsu bai san iyakar gandun gwamnati ba, yana shiga gonakin mutane da bayan gidajensu, inda jami'i ba shi da ikon shiga sai da izini. Maƙwabci ne yake iya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya roƙe shi ya yarda a ajiye akwati a bayan ɗakinsa, ko ya ɗaure karensa da dare. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin sa-kai suka cike, kuma lokacin da gwamnatin Firaminista John Key ta ayyana a watan Yulin 2016 cewa tana son kawar da ɓeraye da fosam da dangin sitot daga ƙasar kafin 2050, ta yi hakan ne da sanin cewa unguwanni da ƙauyuka sun riga sun fara, ita ce ta biyo baya.

Matsalar farko ta karramawa tana cikin yanayin aikin kansa. Wanda ya gina makaranta yana da ginin da zai nuna. Mai ɗana tarko kuwa, idan aikinsa ya yi kyau, abin da zai nuna shi ne rashin wani abu: babu ɓera, babu sawun sitot, ƙwan da ke cikin sheƙa bai ɓace ba. A watannin farko tarkuna suna kamawa sosai, mutane suna murna, ana yaɗa alƙaluma. Bayan shekara biyu ko uku kamun yana raguwa, sai a yi ta buɗe akwatuna ana samunsu fanko, kuma a daidai lokacin da aikin ya fara cin nasara ne gwiwar mutane take fara sanyi. Alƙalin gasar da zai ba da lambar yabo bisa yawan ɓerayen da aka kashe zai karrama ƙungiyar da yankinta yake cike da ɓeraye, ya tsallake wadda ta riga ta share nata. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi sauƙin afkuwa, saboda adadin gawa abu ne da kowa yake fahimta nan take, kuma yana yin kyau a jarida.

Ƙungiyoyin da suka ƙware suna da wasu ma'aunai da suka fi wannan gaskiya. Akwai wani ɗan bututu da ake ajiyewa a ƙasa, a shimfiɗa kati a cikinsa, a shafa tawada a tsakiyar katin, a ɗiga markaɗaɗɗiyar gyaɗa a bakin. Duk dabbar da ta shiga cikin dare za ta taka tawadar ta bar sawunta a kan farar takarda, da safe sai a duba a gane ko ɓera ne, ko sitot, ko kuma ƙadangare da ƙwari ne kawai, wanda alama ce mai daɗi. Idan aka jera irin waɗannan bututu da yawa, kason da aka samu sawun ɓera a cikinsu shi ne yake nuna yawan waɗanda suka rage a raye, kuma wannan ne abin da ya dami tsuntsu. Akwai kuma ƙidayar minti biyar, wadda ake amfani da ita tun shekarun 1970: mutum ya tsaya a wuri ɗaya da aka yi wa alama, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa cikin minti biyar, a maimaita a wurin shekara bayan shekara. A yankunan kiwi, mutane suna hawa tudu a sa'o'i biyu na farkon dare a lokacin sanyi, su zauna shiru cikin duhu da takarda da fitila, suna rubuta lokaci da alkiblar kowane kuka. Na namiji siriri ne kamar fito, na mace kuma mai kaushi ne kamar na wanda muryarsa ta dishe. Daga irin waɗannan takardu, waɗanda sanyi da raɓa suka jiƙa, ake gane ko tsuntsayen suna ƙaruwa. Sai dai sakamakon yana ɗaukar shekaru kafin ya fito, alhali bikin karramawa duk shekara ake yinsa.

Tsibirin Tiritiri Matangi, kusa da birnin Auckland, yana nuna tsawon lokacin da ake magana a kai. An yi noma da kiwo a kansa fiye da shekara 100 har kusan duk dajinsa ya ƙare. Tsakanin 1984 da 1994 dubban 'yan sa-kai suka riƙa hawa jirgin ruwa suna zuwa dasa itatuwa, suka dasa kimanin 280,000. A 1988 suka kafa ƙungiyar magoya bayan tsibirin, a 1993 aka kawar da ɓeraye, aka kuma riƙa kawo tsuntsayen da suka kusa ƙarewa, har da takahe, wanda aka ɗauka ya shuɗe sai da aka sake gano shi a tsaunukan kudu a 1948. Wanda ya dasa dashe a 1984 yana da shekara sittin, da wuya ya ga dajin a cike kamar yadda masu yawon buɗe ido suke ganinsa yanzu. Duk lambar yabon da aka bai wa tsibirin a yau, waɗanda suka zo daga baya ne za su karɓa, alhali kaso mai yawa na gumin na waɗanda ba sa nan ne.

Daga nan sai tambayar wanda ake kira a gaban jama'a. Lambar yabo tana son fuska ɗaya da suna ɗaya, aikin kuwa na taro ne. A kowace ƙungiya akwai wanda ya iya magana, wanda 'yan jarida suke nema, akwai kuma wanda yake wanke tarkuna, da wadda take riƙe da littafin kuɗi, da mai gonar da ya bari a bi ta cikin gonarsa shekara goma bai taɓa halartar taro ba. Tarihin wannan fage yana da misalin mantuwa mai ban mamaki. Babbar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, wadda aka fi sani da RSPB, mata ne suka kafa ta a 1889, ƙarƙashin jagorancin Emily Williamson a Manchester, domin yaƙi da kashe tsuntsaye don a yi wa huluna ado da gashinsu. Sun yi ta fama har aka yi dokar hana shigo da irin wannan gashi a 1921. Duk da haka sunan matar ya kusa ɓacewa daga tarihin ƙungiyar da ta kafa, sai a 'yan shekarun nan aka tashi neman a yi mata mutum-mutumi.

Ba kuma za a ce ɗaga mutum ɗaya kullum kuskure ba ne. A jihar Assam ta Indiya, Purnima Devi Barman ta fara aiki a 2007 kan wani babban tsuntsu ɗan uwan babba-da-jaka da ake kira hargila, wanda mutanen ƙauyuka suke ƙyama saboda yana cin mushe, har suna sare itatuwan da yake sheƙa a kai. Ta tara matan ƙauyukan, suka riƙa yi wa tsuntsun biki a lokacin ƙyanƙyasa kamar yadda ake yi wa mai juna biyu a al'adarsu, suna saƙa hotonsa a jikin tufafi suna sayarwa. Lambar Whitley ta masu kare namun daji da ta samu a 2017 da ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 sun zo da sunanta, amma sun jawo kuɗi da idon duniya ga dubban matan da suke tare da ita, kuma a 2023 aka sauke tsuntsun daga jerin waɗanda suke cikin haɗarin ƙarewa. Abin lura shi ne inda amfanin lambar ya sauka bayan an tashi daga biki.

A Niyu Zilan, ƙungiyar Forest & Bird, wadda aka kafa a 1923, ta zaɓi wata hanya mai daɗi wajen sanya wa lambarta suna. Tana kiranta Old Blue, sunan wata ƙaramar baƙar tsuntsuwa ta tsibiran Chatham. A 1980 biyar kacal suka rage a duniya daga irinta, kuma ita kaɗai ce macen da take haihuwa. Jami'in kula da namun daji Don Merton da abokan aikinsa suka riƙa ɗauke ƙwanta suna sa wa wasu tsuntsaye su kwanta a kai, domin ta sake yin wasu. Duk wanda yake raye a yau daga wannan nau'i jikanta ne. Wanda aka bai wa lambar yana karɓar sunan tsuntsuwa ne, ba na wani attajiri ko ɗan siyasa ba, kuma hakan yana mayar da hankali inda ya kamata. Ita dai wannan ƙungiya ce take shirya zaɓen tsuntsun shekara tun 2005, gasar da ake yi da raha da yaƙin neman zaɓe, har jemage ya taɓa lashe ta a 2021. Tsuntsayen sun fi masu tsaronsu suna nesa ba kusa ba, kuma ban ga alamar masu tsaron suna jin haushin hakan ba.

Inda batun ya fi zafi shi ne kuɗi. Aikin sa-kai kyauta ne ta fuskar lada, amma tarko saye ake yi, ƙwai da guba da man mota saye ake yi, kuma duk ƙungiyar da ta wuce mutum ashirin ko talatin tana buƙatar wanda zai tsara wa kowa layinsa, ya bi waɗanda suka yi sanyi, ya cika takardun neman tallafi, ya tabbatar an kiyaye ƙa'idojin lafiya. Wannan mai tsarawa shi ne ginshiƙin da ba a gani, kuma shi ne masu ba da tallafi suka fi ƙin biya, domin sun fi son sayen abin da za a ɗauki hotonsa. Tallafin ma yawanci na shekara ɗaya zuwa uku ne, alhali sitot ba ta san ƙarshen shekarar kasafi ba. Macenta tana iya haifar 'ya'ya har goma a lokaci guda, kuma ana yi wa 'ya'ya matan barbara tun suna cikin rami idonsu bai buɗe ba, don haka kusan duk macen da ta fito ta riga ta ɗauki ciki. A shekarun da itatuwan dajin kudu suka zubar da iri da yawa, ɓeraye suna ninkuwa, sitot ta biyo bayansu, idan irin ya ƙare duk su koma kan tsuntsaye. Shekara ɗaya ta sakaci tana iya cinye ribar shekara goma.

A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta ware kimanin dalar Niyu Zilan biliyan 1.2 don samar da ayyukan yi a fannin muhalli, kuma ƙungiyoyi da yawa suka samu ma'aikata masu albashi a karon farko. Shirin na wa'adi ne, ya ƙare. A kasafin 2025 kuma aka sanar da rufe kamfanin gwamnati da aka kafa don ɗaukar nauyin manyan ayyukan burin 2050, aka mayar da aikinsa hannun hukuma. A irin wannan yanayi takardar yabo tana iya zama abu mai fuska biyu. Tana iya zama godiya ta gaskiya, tana kuma iya zama hanya mai arha ta sauke wa jama'a nauyin da hukuma ta ɗauka a baki. Masu sukar dogaro da 'yan sa-kai suna da hujja a nan, musamman da yake yawancin masu lokacin yin wannan aiki tsofaffi ne da mazauna unguwannin masu hali, wanda hakan yake nufin dajin da ke kusa da masu wadata yana samun tsaro fiye da wanda ke nesa, ko da na nesan ya fi muhimmanci ga tsuntsaye. Manyan dazuzzukan tsaunuka, inda babu hanya babu maƙwabci, ba a kare su da tarkon 'yan unguwa. A can ana watsa guba mai lamba 1080 ne daga jirage masu saukar ungulu, abin da ya daɗe yana raba kan al'ummar ƙasar, musamman mafarauta da masu karnuka.

Akwai kuma wani ɓangare da masu shirya biki ba su cika son ambata ba, wato abin da ake karramawa ya ƙunshi kisa. Ɓera da sitot da fosam ba su kawo kansu ba, mutum ne ya kawo su. Saboda haka ake gwada tarkuna bisa ƙa'idar jin ƙan dabbobi, a tabbatar suna kashewa nan take, kuma ƙungiyar da take amfani da tarkon da bai cika wannan sharaɗi ba bai kamata yawan kamunta ya rufe wannan aibi ba. Batun kyanwa ya fi kowanne wuya, domin wadda take cin 'ya'yan tsuntsu da dare ita ce take kwana a kan gadon maƙwabci da rana. Ƙungiyar da ta iya shawo kan masu kyanwa da masu kare ba tare da an yi rigima ba ta yi aikin da ya fi ɗana tarko dubu wahala, amma babu wani gurbi a takardar gasa da ake rubuta wannan.

Ga 'yan Maori kuma, kalmar sa-kai ma ba ta dace sosai da yadda suke kallon lamarin ba. Suna da abin da suke kira kaitiakitanga, wato nauyin riƙon amanar ƙasa da halittunta da ƙabila ta gada daga kakanni. Wanda yake sauke nauyin da ya gada ba ya ɗaukar kansa mai taimako na ganin dama. Karramawar da ta fi ma'ana a wurinsu ita ce a amince da ikonsu na yanke shawara kan tsuntsayen yankinsu, a zauna da su tun daga farkon tsari, maimakon a gayyace su buɗe taro da addu'a bayan an gama shirya komai.

Wannan ya kawo mu ga wata irin karramawa da ba a cika kiranta da wannan suna ba, wadda a ganina ta fi kowace nauyi. Dokar namun daji ta 1953 ta hana kowa kama kiwi ko ɗaukarsa daga wani wuri zuwa wani sai da izinin hukuma, kuma ba a ba da izinin sakin tsuntsaye a sabon wuri sai an ga shaidar cewa an danne sitot na tsawon lokaci, an kuma shawo kan batun karnuka, sannan ƙabilar da tsuntsayen za su fito daga ƙasarta ta yarda. Ma'ana, sai an karɓi alƙaluman da 'yan unguwa suka tara a matsayin hujja, an yarda cewa za su ci gaba da zagaya akwatunansu bayan masu ɗaukar hoto sun tafi.

Birnin Wellington ya bi wannan hanya mataki-mataki. A 1999 aka kammala shinge mai tsawon kilomita 8.6 a kewayen wani kwari mai faɗin hekta 225 a cikin birnin, wanda yanzu ake kira Zealandia, tunanin da ya samo asali daga 'yan ƙungiyar kare tsuntsaye na birnin. A 2002 aka saki kaka, wani babban aku na daji, a cikin shingen. Tsuntsayen suka hayayyafa suka fara tsallake shingen suna sauka a bayan gidaje, inda ɓeraye suke jiransu, sai unguwanni suka fara ajiye tarko gida-gida. Daga baya wani shiri mai suna Capital Kiwi ya shawo kan manoma da masu filaye a tsaunukan yammacin birnin, aka jera tarkuna fiye da 4,500 a faɗin da ya haura hekta 20,000, aka shafe shekaru ana zagaya su ana auna sawu, ba tare da kiwi ko ɗaya a wurin ba. Bayan an ba da izini, a watan Nuwamban 2022 aka kawo rukunin farko a cikin akwatunan katako, wakilan ƙabilun da suka ba da su suka rako su suka miƙa, aka sa kowanne a ramin da aka tanadar masa a tsaunukan Makara. Bayan shekara guda, a ƙarshen 2023, masu bin diddigin na'urar da aka ɗaura wa wani namiji a ƙafa suka leƙa ƙarƙashin ciyayi suka tarar da 'ya'ya biyu, na farko da aka ƙyanƙyashe a dajin yankin cikin fiye da shekara 100.